Dariyar Da Ba Ta Cikin Fim

Karima ba allon take kallo ba. Fim ɗin ta san shi kamar yunwar cikinta. Ita ta tsara labarin, ita ta ba da umarni, ita ta fito a matsayin 'yar gidan. Fuskokin mutane take kallo.

Ɗakin taron wata Islamiyya ne a Tudun Wada. An aro shi bayan La'asar, an toshe tagogin da zannuwan gado don hasken majigi ya fito sosai. Kurame sun cika ɓangaren hagu, 'yan ƙungiyarsu da suka yi wata da watanni suna ɗaukar fim ɗin a Chanchaga da maganar hannu zalla. Masu ji suna dama. A layin gaba mahaifinta ne, Alhaji Tsado, ya ɗora hannuwansa biyu kan sanda kamar wanda aka kawo shari'a gabansa.

Saboda shi aka yi taron.

Tun da Munzali ya turo manyansa neman auren Karima, Alhaji ya ƙi cewa i, ya ƙi cewa a'a. Tambaya ɗaya yake maimaitawa a gida da waje: yaro mai ji, mai sana'a, lafiyarsa ƙalau, me yake nema wurin kurma? Shi a wurinsa Zikrullahi ya fi. Tela ne, kurma ne kamarta, ɗan abokinsa ne tun daga Bida. Mutane suna jin tambayar suna cewa Alhaji uba ne mai lura. Ba wanda ya tsaya ya ga cewa uban da ke mamakin abin da wani ya gani a jikin 'yarsa ya riga ya faɗi abin da shi kansa yake gani.

Munzali mai tace fim ne, shagonsa nan Tudun Wada. Shi ya haɗa musu hotunan, kuma a wurin aikin ya koyi maganar hannu har ya iya faɗa da ita. Shi ya ce a gayyato Alhaji ya ga aikin da ido. Da yake masu ji ba sa iya zama gaban fim shiru, ya ce zai ɗora murya: ƙanwarsa Larai za ta yi muryar Karima, shi zai yi ta uban. Ya rantse mata abin da hannu ya faɗa shi baki zai faɗa, ba ƙari ba ragi.

Yanzu ga fitowar da take jira ta zo.

A allon, yarinya ce tsaye a gaban ubanta a tsakar gida, cikin doguwar riga marar zane don hannuwanta su fito fili. Ranar da aka ɗauki wurin sai da suka yi ta maimaitawa, don mai kyamarar kansa hawaye ne ke hana shi gani. Hannuwan yarinyar suna cewa ubanta ya koyi Hausa don kasuwa, ya koyi Larabci don sallah, ya koyi Turanci don banki, har Gbagyi ya tsinta don sayen doya. Harshen 'yarsa kaɗai ne ya gagare shi.

Karima ta duba hagu. Kurame sun yi tsit da hannuwansu, wata dattijuwa tana share ido da bakin mayafi.

Ta duba dama.

Dariya suke yi.

Ba murmushi ba, dariya sosai. Wata mata ta dafe cikinta. Wani saurayi yana dukan cinyar na kusa da shi. Alhaji Tsado kansa kafaɗunsa rawa suke, har ya cire tabarau yana goge ido.

Karima ta nemi Munzali da ido, ta same shi tsaye kusa da majigin. Suka haɗa ido. Sai ya sunkuyar da kai.

A wurin masu ji sunkuyar da kai kunya ce. A wurin kurma rufe ƙofa ne.

Da aka gama, kurame suka ɗaga hannuwa sama suna kaɗawa, wanda shi ne tafinsu. Masu ji suka yi nasu. Alhaji ya miƙe, ya kira Munzali da sanda, ya dafa kafaɗarsa, abin da bai taɓa yi ba. Ya daɗe yana magana. Munzali ya durƙusa yana gyaɗa kai, sannan ya taho wurinta fuskarsa a washe.

"Baba ya yarda," hannuwansa suka ce. "Ya ce manyana su dawo a sa rana."

Ta daɗe tana jiran wannan labari. Ta yi azumi a kansa, ta yi kuka a kansa. Ga shi ya iso, ta nemi murnar a ƙirjinta ta rasa.

"Me ya ba su dariya?"

Ya ce wace dariya. Ta nuna masa wurin. Ya ce ai wani ne daga baya ya jefa wata magana ta shashanci, ta san halin masu ji, ba sa iya kame baki. Yana faɗa hannuwansa suna can ƙasa kusa da cikinsa, ƙanana, kamar mai raɗa. Girarsa ba ta motsa ba. Ita kuwa ta san Munzali in yana faɗin gaskiya har kunnuwansa magana suke.

Kafin ta sake tambaya aka kira shi naɗe wayar majigi.

Tana gyara mayafi aka taɓa kafaɗarta. Zikrullahi ne, tsaf cikin shadda ɗinkin hannunsa. Shi ya ɗinka duk kayan fim ɗin, bai karɓi ko godiya ba, kuma bai taɓa bari ta manta ba.

"Darakta, barka," ya ce. "Ban san fim ɗin barkwanci muka yi ba. Da kin gaya min da na ɗinka miki hula mai kunnuwa."

Ta ce ba ta son wasa.

Ya ce shi ma ba wasa yake ba. Ya ce ya lura da masu jin tun farko. Sun fara dariyar tare, sun gama tare, kuma duk allon suke kallo. Da wani ne ya yi magana daga baya, da sun waiwaya. Ya tambaye ta ko ta ga wanda ya waiwaya.

Ba ta ga kowa ba.

"Ni ban ce komai ba," ya ƙara, yana kallon inda Munzali yake. "Amma akwai abin da ke fita daga akwatin sautin nan wanda ni da ke ba za mu taɓa sani ba. Mutum ɗaya ne ya san abin da ya zuba a ciki."

Ta dube shi da kyau. Gaskiya yake faɗa, ko kuwa ya ga tsaga ne yana cusa yatsa? In auren ya lalace ai shi ne a layi. Fuskarsa ta nuna tausayi, amma tausayin ya yi masa kyau da yawa, kamar wanda aka gwada a madubi.

Ana yawan cewa kurame akwai zargi, wai halinsu ne. Masu faɗin haka ba su taɓa zama a ɗakin da kowa ke motsa baki yana satar kallonsu ba. A gwada musu na yini ɗaya a gani.

Washegari da hantsi ta sami mahaifiyarta a tsakar gidansu na Sauka Kahuta tana tsince shinkafa a faranti. Hajiya Amatullah, wadda suke kira Nna, ba ta iya maganar hannu ta makaranta ba. Tana da nata alamomin na gida da suka ƙirƙira tun Karima tana ƙarama, bayan sanƙarau ya tafi da jinta: ci, wanka, Baba, kasuwa, bari, zo. Da su aka yi rainon, da su ake faɗa, da su ake shiri.

Nna tana ta fara'a. Ta nuna lalle a tafin hannu, ta nuna ɗaurin kai, ta yi 'yar rawa daga zaune.

Karima ta zauna a gabanta ta janye farantin. Ta kwaikwayi tsayuwar yarinyar fim ɗin, ta nuna bakinta, ta nuna kunnen Nna. Me kika ji na ce a nan?

Nna ta fara dariya tun kafin ta amsa. Ta shafa haɓa, alamar Baba ke nan. Ta kwantar da kai kan tafin hannu, ta wage baki, ta ja numfashi kafaɗunta suna hawa suna sauka. Sannan ta nuna Karima, ta toshe kunne, ta ɗaga hannu biyu sama kamar mai godiya ga Allah.

Karima ta sa ta sake. Ta sake.

Munshari. Abin da aka ji ta ce ke nan. Wai ita ta huta, duk gidan ita kaɗai Allah ya tsare daga munsharin Baba.

Ba ta san hawaye sun zubo ba sai da ta ga dariyar Nna ta tsaya. Nna ta kama hannunta tana tambaya da ido. Karima ta yi ƙoƙarin bayani, amma a alamomin gidansu babu kalmar da za ta ɗauki abin. Akwai ci, akwai wanka. Babu ƙarya, babu amana. Ta dai girgiza kai, ta nuna bakinta, ta yi alamar ba haka ba.

Nna ba yarinya ba ce. Ta gane fiye da abin da aka nuna mata. Ta waiwaya ɓangaren Alhaji, ta dawo da kallonta, ta matse hannun 'yarta har ya yi zafi. Ta yi alamar bari. Ta sake yi. Ta nuna lallen, ta nuna sama, ta haɗa tafukanta tana roƙo. Leɓunanta suna motsi a hankali yadda Karima za ta karanta: ki rufa mana asiri.

Karima ta zare hannunta. Ta ɗauki mayafi.

Shagon Munzali ɗan ƙarami ne, fanka ɗaya, kwamfuta biyu. Yana ganinta ya cire abin jin sauti daga kunnensa ya miƙe. Ya fara tambayar ko ta huta gajiya.

Ta kwantar da kai kan tafin hannu, ta wage baki, ta yi munsharin kamar yadda Nna ta yi.

Ya koma ya zauna.

Ya ɗaga hannuwansa. Ya ce wuri ɗaya ne kawai ya canza, wallahi wuri ɗaya. Ya ce ranar da yake ɗora muryar ya saurari abin da Larai ta karanta, ya tuna fuskar Baba, ya san in maganar nan ta fita a gaban mutanen unguwa, a gaban abokan kasuwarsa, to an gama. Baba zai ce shi ne ya zuga ta, shi ya koya mata zagin uba. Ya ce ya kwana biyu bai iya cin abinci ba kafin ya yanke shawara.

"Don mu na yi, Karima."

"Don kai ka yi."

"Ba ga shi ya yarda ba? Abin da muka daɗe muna nema?"

"Wace ce ya yarda da ita? Wadda ke godiya don ba ta ji? Ban san ta ba. Kai ka haife ta a cikin akwatin nan."

Ya ce ainihin fim ɗin yana nan bai taɓa shi ba, wannan na Baba ne kawai, na rana ɗaya. Ya ce bayan biki, in hankali ya kwanta, sai a san yadda za a gaya masa a hankali. Sannan ya ɗago ido ya tambaye ta, a ɗan kaikaice, ko Zikrullahi ne ya kai mata maganar, don ya gan su jiya suna tsaye.

Ta buga tebur da tafin hannu har linzamin kwamfutar ya faɗi.

"Kar ka sa shi a ciki. Shi yana da nasa nufin, na sani. Amma ba shi ya tsayar da ni gaban mutane ina kuka suna dariya ba."

Hawaye suka ci ƙarfinta. Ta share da bayan hannu da sauri, don mai kuka da murya yana iya ci gaba da magana, ita kuwa da hannun da take share ido da shi take magana.

"Ka san me nake tunani tun daga Sauka Kahuta har nan? Asibiti. Ina kwance ina naƙuda, likita yana magana, kai ne a tsakani. Zan ce ina jin ciwo a nan, kai ka ga abin da ya fi dacewa a gaya masa. Zai ce akwai haɗari, kai ka tausaya min ka ce ya ce komai lafiya. Ɗana zai yi magana ta farko, kai za ka gaya min me ya ce. Danginka za su zauna suna hira suna kallona, kai za ka ce yabona suke."

"Ba zan taɓa..."

"Ka riga ka yi. Kuma da kyakkyawar zuciya ka yi. Wannan ne ya fi ba ni tsoro. Da mugu ne kai da na san inda zan tsare."

Ya rufe fuska da tafukansa. Ta jira. Da ta ga ya daɗe, ta miƙa hannu ta janye su, don ba ta gama ba, kuma ba a yi wa rufaffen ido magana.

Idanunsa sun yi ja. Ya ce ta faɗi abin da zai yi. Ya ce ko me ne.

Ta gaya masa. Yau, bayan Azahar, a falon Baba. Zai kunna fitowar, ya kashe sautin, ya tsaya ya faɗi abin da hannuwanta suka ce da bakinsa, yana kallon Baba.

Ya dube ta kamar bai gane alamar ba. Ya ce ta san abin da zai biyo baya. Ya ce Baba zai kore shi, kuma Zikrullahi na nan yana jira da allura da zare. Ya tambaye ta ko so take ta rabu da shi amma ta rasa hanya.

"Ina son ka," ta ce. Ta yi alamar a hankali, a kan ƙirjinta, ba ta ɗauke ido ba. "Shi ya sa. Ba zan iya zama da kai ina gadin bakinka ba."

Bayan Azahar Alhaji Tsado yana kishingiɗe a falo yana jan carbi. Ya karɓi Munzali da fara'a, har ya tsokane shi da cewa ango tun yanzu ya fara zarya. Nna ta shigo da ruwa, ta ga kwamfuta a hannunsa, ta ga fuskar 'yarta, ta ajiye kofin ta tsaya a bakin ƙofa ba ta fita ba.

Karima ta zauna inda za ta ga su ukun.

Munzali ya durƙusa ya yi bayani gajere. Ta ga girar Baba ta haɗu. Ya ɗora kwamfutar kan kujera, ya nemo wurin, ya danna. Yarinyar allon ta ɗaga hannuwanta.

Ya fara magana.

Karima ta kafe leɓunansa da ido. Ta kama kalmar kasuwa. Ta kama sallah. Ta kama doya. Sauran sun wuce ta, kamar yadda suka saba wucewa. Zai iya sassautawa a tsakani. Zai iya zagaye kalma ɗaya, ya sa wata mai laushi, ba za ta sani ba.

Ta bar bakinsa ta koma fuskoki.

Nna ta dafe baki da mayafi. Carbin Baba ya tsaya a tsakanin yatsunsa. Fara'ar ta sauka daga fuskarsa a hankali, ta bar wani abu da Karima ba ta taɓa gani ba, ba fushi zalla ba, ba kunya zalla ba. Ya kalli allon. Ya kalli hannuwanta da ke kan cinyarta. Bai kalli idonta ba.

Fitowar ta ƙare.

Sai Alhaji ya juyar da kansa wajen taga ya yi magana. Daga inda take ƙeyarsa kawai take gani da gefen gemunsa yana motsi. Maganar ba ta yi tsawo ba. Nna ta durƙushe a bakin ƙofar.

Karima ta juya ga Munzali. Ba wani wanda za ta juya gare shi.

Hawaye na bin kuncinsa. Ya ɗaga hannuwansa sama, daidai ƙirji, a fili, yana kallonta ido cikin ido.

"Ya ce mutumin da ya iya yi masa ƙarya jiya a gaban jama'a, yau ya zo ya ci mutuncinsa a ɗakinsa, ba surukinsa ba ne. Ya ce kar manyana su zo. Ya ce kar in sake taka ƙofar gidan nan."

Ya tsaya. Ta ga yana iya tsayawa a nan, amma ya ci gaba.

"Ya ce gobe zai aika wa mahaifin Zikrullahi."

Kowace alama ta sauka a kanta kamar dutse. Kuma ta yarda da kowace ɗaya. Tun jiya wannan ne karo na farko da ta kalli hannuwansa ba ta nemi abin da ke bayansu ba.

Ya rufe kwamfutar, ya rungume ta a ƙirji, ya durƙusa ya yi wa Alhaji sallamar da ba a amsa ba. A bakin ƙofa Nna ta matsa ta ba shi hanya ba ta ɗago ba.

Sai a lokacin Alhaji Tsado ya juyo ya fuskanci 'yarsa. Akwai magana a bakinsa, da yawa. Ya buɗe baki ya fara, ya ga idanunta a kansa ba su fahimci komai ba, ya tsaya. Ya waiwaya gefen da Munzali ya durƙusa ɗazu, kamar zai ce gaya mata.

Babu kowa a wurin. Labulen ƙofa ne kawai ke motsi.